Safiyar da Ergash Ya Tsaya a Ƙofa

Duk wanda ya ci osh, dafa-dukanmu na shinkafa da nama da karas, a tsohon garin Tashkent har ya lashe yatsa, to hannuna ya ci, ko ya sani ko bai sani ba. Ni ne Usta Norkuzi, usta kuwa a wurinmu shi ne gwanin sana'a. Makarantar gwamnati ta kama ni ina yaro, na fita ta taga na koma gindin murhu. Suka sake kamo ni, na sake fita, har suka gaji. Ban iya rubuta sunana da kyau ba, kuma ban ga ranar da hakan ya ƙona mini shinkafa ba. Na ga yunwar bayan yaƙi. Girgizar ƙasa ta kwantar da unguwarmu, na fito daga ƙarƙashin katako da ƙasa a baki, washegari na kafa tukunya a tsakiyar titi na ciyar da waɗanda suka rage. Tafasasshen mai ya cinye fatar hannuna na hagu. Likitocin da suka ce ba zan ga wata bazara ba, biyu daga cikinsu ni na dafa osh ɗin addu'arsu. Ina nan dai.

Amma yau maganar Ergash zan yi.

Ergash yarona ne, ni na koya masa riƙon matsami. Daga baya ya nemi 'yata Sanobar, ita ma tana so, na ba shi. Ranar da na sallame shi, na ɗaga hannu a gaban dattawan unguwa na sa masa albarka, na miƙa masa matsamin da nake aiki da shi, wanda ni ma daga hannun ubangidana na karɓa.

Aikinmu duk mai sauƙi ne in ban da wuri ɗaya. Kowa zai iya yanka karas, ya soya nama cikin kitsen wutsiyar rago, ya zuba shinkafa. Amma idan ruwa ya ja baya, a tara shinkafar ta yi tsibi, a buge ta da bayan matsami a saurari amsar da za ta bayar, a ce yanzu, a rufe tukunya, wannan na usta ne. Ka rufe da wuri, ka ba ɗaruruwan maza caɓi. Ka makara, ka ba su ƙanzo. Kuma a wurinmu, hannun da ubangidansa bai sa wa albarka a bainar jama'a ba, ba ya rufe tukunyar taro. Haka muka tarar.

Ergash ya yi suna, ba zan hana shi ba, ai koyarwata ce. A lokacin bukukuwa sai ka ga tukwanensa uku suna kan wuta a unguwanni uku da safiya ɗaya. Yana da mutane, masu hura wuta da masu wanki da masu ɗauka, ga babban yaronsa Holmat. Yaro ake ce masa, alhali gemunsa ya fara fari, 'yarsa ta fari ma ta yi aure. Amma duk cikinsu babu wanda Ergash ya sa wa albarka, saboda haka kowace tukunya sai ta jira shi. Ya rufe wannan, ya faɗa mota, ya rufe waccan, ya dawo ya buɗe ta farko. Da aiki ya fi ƙarfinsa sai ya rage barci. Da ya ƙara fin ƙarfinsa sai ya sayi waya ta biyu. Ya canza mota, ya ce wannan ta fi gudu. Ya daina zama cin abincin rana. Duk dabarar da ya ƙirƙiro ta ƙara gudu ce. In ya zo gidana gaisuwa, in zuba masa shayi, sai shayin ya huce a hannunsa yana magana da wani a waya, ya kurɓe shi a tsaye ya fita. An taɓa tsintarsa ya yi barci a bakin danja, matsamina a kan cinyarsa, motoci na ta yi masa ham.

Ana saura 'yan kwanaki bikin jikata Munisa, ita da uwarta Sanobar suka shigo mini ina zaune ƙarƙashin inabi.

Sanobar ta ce, "Dada, ku yi wa surukinku magana. Ni bakina ya gaji."

Na ce, "Me kuma ya yi? Ya sayi waya ta uku?"

Munisa ce ta amsa. Ma'aikaciyar kantin magani ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi sai a ji. Ta ce, "Buva, ya karɓi wani aikin safiyar bikina."

Ashe 'ya'yan marigayi Hoji Mirvali mahauci ne suka zo. Addu'ar cikar shekarar ubansu ta faɗo a wannan safiyar, can ƙarshen gari, kuma Hoji ya riƙe Ergash kamar ƙaninsa lokacin da yake farawa. Bakin Ergash ko a kan baƙo bai iya a'a ba, balle a kan gidan Hoji.

Munisa ta ce, "Ranar da na gama makaranta yana gindin tukunyar wani, ban ce komai ba. Ranar da aka yi wa mamata aiki a asibiti ya leƙo yana warin hayaƙi, ya tafi kafin ta farka, ban ce komai ba. Amma dangin mijina su zo cin osh da asuba su tarar da ƙofa babu uban amarya? Sai su tambaya ko marainiya suka ɗauko."

Na ce, "Ni sai in tsaya, ai na fi shi kyau."

"Buva, da haƙoranku uku?"

"Huɗu ne, marar kunya, ki duba da kyau."

Ta yi dariya, amma idonta bai yi ba. Ta ce, "Babana nake so a ƙofar nan. Shi kenan abin da na roƙa a duk bikin."

Yammacin jajibiri maza suka taru a tsakar gidan Ergash yankan karas, kowa da wuƙarsa da ɗan katakonsa. Na zauna a wurin da ya dace da ni, wato tsakiya. Maƙwabcinsu Boltaboy direban tasi yana gefena yana ta sara.

Na ce, "Kai Boltaboy, karas kake yankawa ko itacen girki?"

Ya ce, "Usta, don ku na yi masa kauri, ku samu abin da za ku gani a faranti."

"Ni da ido a rufe na fi ka. Miƙo nan ka ga aikin maza."

Na yanka masa guda ɗaya siriri kamar ashana, jama'a suka yi shewa. Holmat yana can gefe yana duba waken da aka jiƙa, bai ko ɗago ba.

Sai ga Ergash ya shigo da sauri, waya ɗaya a kunne ɗaya a hannu, matsami a hamata. Ya gaisa da mutane da ka, ya zo ya sunkuya kusa da ni ya ce yana son magana. Muka koma bayan gida inda aka girke babbar tukunyar.

Ya ce, "Usta, na tsara komai. Ku za ku rufe ta gida, ai jikarku ce. Ni in je in rufe ta gidan Hoji, in buɗe, in kamo hanya. Da safe babu cunkoso."

Na ce, "In ka iso ka gaisa da wa? Masu wanke faranti?"

Ya san gaskiya na faɗa. Osh ɗin safe ba ya jiran kowa. Maza su fito daga masallaci, su zauna, su ci, a shafa, su tashi, kafin rana ta hau katanga an watse.

Ba zan ɓoye ba, da ya ce in rufe tukunya sai da tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na daɗe ban tsaya gaban wuta irin wannan ba. Amma na daure fuska.

Na ce, "Tukunyar jikata ba sai ka roƙe ni ba. Sai dai da sharaɗi. Ta gidan Hoji, Holmat zai rufe. Kai kuma ƙofa."

"Holmat ba shi da albarka."

"A aljihun wa take?"

Ya kau da kai. Ya ce, "In ya ɓata, sunana ne ya ɓaci. A gidan Hoji kuma."

"Ya taɓa ɓatawa?"

"Bai taɓa rufewa ba."

"To ina ka san zai ɓata? Shekara wajen ashirin yana tsaye bayanka yana jin abin da kake ji. Ko jaki ne ai ya haddace."

Wayarsa ta yi ƙara, ya dube ta, ya kashe. Wannan ma sabon abu ne.

Ya ce, "Usta, kun san abin da zai biyo baya. In na sallame shi zai tafi. Zai buɗe nasa, ya ja rabin mutanena."

Na ce, "Zai tafi mana. Kai ba ka tafi ba? Ka kwashe mini mutanen bakin kasuwa kaf, na yi kwanaki ko sallamarka ba na amsawa. Na mutu? Dube ni da kyau, na mutu?"

Ya ɗan yi murmushi. Ya zauna a kan buhun shinkafa, ya ɗora matsamin a gwiwa yana shafa mariƙinsa, wurin da hannun ubangidana da nawa da nasa suka cinye ƙarfen har ya yi santsi. A nan na ga yadda ya tsufa. Wuyansa ya rame, idonsa ja kamar na mai zazzaɓi. Ni da na girme shi da nisa na fi shi jini a fuska.

Can ya ce, a hankali, "Usta, in tukunya ta fito daidai ba na wurin, to ni mene ne?"

Ni ba a rufe mini baki, kowa ya sani. Amma wannan tambayar na san ta. Ita ce ta zauna da ni ƙarƙashin inabi shekarar da na daina fita aiki, ina jin kakakin biki daga nesa, ina cewa yanzu za su aiko a kira ni, ba su aiko ba. Ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce.

Na ce, "Gobe dai uban amarya ne kai. Jibi ka zo ka sake tambayata."

Ya ci gaba da shafa matsamin. Na miƙe na ce, "Ka ji sharaɗina. In ba ka yarda ba, gobe ina gida ina shan shayi, kai kuma ka tsaga kanka biyu." Na koma wurin karas. Da ya ƙi ma da na dafa ɗin, jikata ce. Amma shi bai san haka ba.

Aka gama yanka, karas ya cika kwanduna, dattijon unguwa ya ɗaga hannu zai yi addu'ar tashi. Sai muka ji muryar Ergash daga baya.

"A ɗan dakata. Holmat, zo nan."

Holmat ya taso yana goge hannu a riga. Ya ce, "Usta, waken na jiƙa shi tun ɗazu, zabibi ma na tsince."

"Ba wake na tambaye ka ba. Durƙusa."

Holmat ya dube ni, na ɗaga masa gira, ya durƙusa. Ergash ya ɗaga hannu, muka ɗaga tare da shi. Ya ce ya yarda da aikin mutumin nan, ya yafe masa gishirin da ya ci a gidansa, Allah ya sa albarka a hannunsa, ya tsare tukunyarsa daga ƙuna da kunya. Muka shafa. Ya miƙa matsamin. Sai da Holmat ya ɗan ja kafin Ergash ya saki, na gani da idona.

Holmat ya riƙe shi da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Ya ce, "Usta, ban shirya ba. Ko rigar da ake ba ubangida ban saya ba."

Boltaboy ya ce, "Ka kawo masa bayan shekara ashirin, shi ma ya ɗanɗana jira!"

Aka fashe da dariya, har Holmat da hawayensa. Ergash kuwa ya riga ya fara: shinkafar gidan Hoji sabuwa ce, ba ta son ruwa da yawa, murhunsu yana ci ta gefen hagu, kada ya yarda babban ɗan ya sa shi gaggawa. Na ce, "Kai, ka ba shi ko ka ara masa? Rabu da mutum ya je ya huta."

Gari na fara haske ina gaban tukunya. Matsamin da suka ba ni sabo ne, marar nauyi kamar abin wasan yara, amma hannu ai hannu ne. Na tara shinkafa, na buga, ta amsa da sauran ruwa a muryarta. Na jira. Na sake bugawa, ta amsa a dunƙule, kamar an bugi cikin ƙosasshe. Na ce bismillah na rufe. Matasan da ke hura wuta suka tsaya suna kallona baki buɗe. Su kalla, ba kullum ake ganin irina ba.

Masu kakaki da algaita suka fara a bakin titi. Daga inda nake ina hango ƙofa. Ergash na tsaye cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, da sabuwar hula, hannun dama a ƙirji, yana yi wa maza maraba suna shigowa layi layi. Wayoyinsa Sanobar ta jefa su cikin wata tukunyar da ba komai ta kifa murfi. Ta ce ita ma yau ta rufe tata. Yana gaisawa, amma wuyansa na juyowa wajena kamar na kaza. Da layin ya ɗan tsinke sai ga shi ya lallaɓo.

"Usta, gishirin..."

Na ɗaga matsami na ce, "Koma ƙofa kafin in kunyata ka gaban surukanka."

Ya koma.

Na buɗe tukunya, ƙamshi ya tashi har masu kakaki suka yi kuskuren busa. Farantai suka fita, kowane mutum biyu faranti ɗaya, suka dawo a share. Aka shafa, maza suka fara fita, Ergash na sallamarsu. Wani tsoho daga dangin ango, mai sanda, ya riƙe hannunsa, ina jin su don na matso shan iska.

Tsohon ya ce, "Kai ne uban amarya? Allah ya sanya alheri. Ka kyauta da ka ɗauko Usta Ergash. Ni shekara da shekaru nake cin osh ɗinsa, ko ido a rufe na san hannunsa. Ban dai taɓa ganin fuskarsa ba, kullum yana cikin hayaƙi ko ya riga ya wuce. Ka gaishe shi."

Ergash ya ce, "Zai ji."

Ni fa raina ya ɓaci. Ni na dafa, a yaba wa yarona! Na buɗe baki zan gyara wa tsohon zance, sai na ga fuskar Ergash, na fasa. Yana tsaye yana bin tsohon da kallo har ya sha kwana.

Da hantsi Holmat ya iso, ɗauke da faranti a ɗaure cikin ƙyalle. Ya ajiye gaban Ergash ya koma gefe ya tsaya, hannu a baya, kamar mai jiran hukunci. Ya ce 'ya'yan Hoji sun gode, sun ce a gaishe da amarya.

Ergash ya kwance, ya ɗiba da yatsu ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya ce, "Karas ya ɗan yi laushi."

Na ɗiba ni ma. Karas ɗin bai yi komai ba. Osh ne mai kyau, bai kai nawa ba, amma wa ya kai? Akwai ɗan abin da ya bambanta, wanda ba nawa ba ne ba na Ergash ba, na Holmat ne. Ban san yana da shi ba.

Ergash ya ce, "Zauna mana, Usta Holmat, kana tsaye a kaina." Ya ja farantin tsakaninsu. Suka cinye shi tas, a zaune.

Da la'asar da za a fita da amarya, Munisa ta zo ta sunkuya gaban ubanta ya sa mata albarka. Ta ce ta gan shi ta tagar sama tun daga mutum na farko har na ƙarshe. Ta kifa fuska a kafaɗarsa ta ce, "Dada, yau ba kwa warin hayaƙi." Shi sai ya dafa kanta. Ni kuma hayaƙin safe ne ya dawo mini ido, na fita waje.

Holmat ya tafi, kamar yadda aka faɗa. Inabi na ƙarewa ya buɗe nasa, ya kawo rigar ubangida mai kyau, ya kuma ja mutanen ƙarshen gari suka bi shi. Ergash ya yi fushi na 'yan kwanaki, Sanobar ta sha ƙorafi. Kafin sanyi ya shigo ya sa wa wani cikin mutanensa albarka. Na ji an ce har ya ce wa wani mai biki ya yi haƙuri ranar a cike take, ya tura shi wurin Holmat, ya dawo gida ya kwanta kamar wanda ya yi rashin lafiya. Wayarsa ta biyu tana wurin Sanobar.

Tambayar nan bai zo jibin ya maimaita ta ba. Sai wata ranar Alhamis ya shigo mini, ba waya a hannu, ya zauna ƙarƙashin inabin da ya zubar da ganye. Hannuwansa sun rasa abin yi, ya ɗora su a gwiwa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Na san abin da ya kawo shi. Na shirya in ce masa ni ma ban gama samun amsar ba, amma ana rayuwa da ita, ga ni nan shaida. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Na zuba masa shayi na miƙa.

Ya kai baki gaba ɗaya, ya zabura, ya furzar a ƙasa yana fifita harshe.

"Usta, wannan ai wuta ce!"

Na ce, "Haka shayi yake, ɗana. Ajiye shi ya huce. Ina za ka?"

Ya ajiye. Muka zauna muna jira.